Kurakuran Sababbin Masu Karanta Littattafan Bincike Masu Sanyi

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin waɗanda nake ara wa littattafai: "Ai babu abin da ke faruwa a ciki, shan shayi ne kawai da gulma." Ina nufin labaran binciken laifi marasa tashin hankali, waɗanda ba a nuna maka jini, kuma mai warware matsalar sau da yawa ba ɗan sanda ba ne, wata tsohuwa ce mai saƙa a ƙauye. Ina son su ƙwarai, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana yi musu karatun ganin dama.

Babban kuskure shi ne tsallake hira. Mutum ya ga ana zaune ana zancen wadda ta makara zuwa coci da wanda ya sallami mai lambu, sai ya yi ta buɗe shafuka yana neman inda labarin zai fara. To ai labarin ke nan ka wuce! Miss Marple, tsohuwar da marubuciya Agatha Christie ta ƙirƙira, wadda littafi na farko mai tsawo a kanta ya fito a 1930, ba ta da bindiga, ba ta da ɗakin gwaji. Jarinta kunne ne da sanin halin mutanen ƙauyenta, St Mary Mead. Ta ga baƙo, ta ce ya tuna mata da wani mahauci ko wata 'yar aiki da ta sani, daga nan take kamo bakin zaren. Duk wanda ya tashi gaban kaka ya san wannan, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa amma ta riga kowa sanin wanda ya taɓa tukunyar miya. Ni da fensir nake karatu. Duk inda wani ya ambaci ƙarfe nawa, ko ya ba da amsar da ba a tambaye shi ba, sai in ɗiga alama a gefe. Kafin babi biyu na ƙarshe in rufe littafin, in rubuta sunan wanda nake zargi da dalilina.

Na biyu kuwa har yau yana min ciwo. Yawancinmu na hannu muke saye a wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin titi. Na taɓa sayen wani, bangonsa fes, na raba dare a kansa, aka tara kowa a falo, mai bincike ya gyara murya zai faɗi suna, sai na ga shafukan ƙarshe babu su, an yage. Kafin in sami wani kwafin, wani aboki ya faɗa min ƙarshen yana dariya, a ganinsa taimako ya yi. Don Allah ku duba ƙarshen littafi kafin ku biya. Ku juya shi kai ƙasa don kada ido ya ɗauki komai, ku bi lambobin shafi kawai. Ku kuma lura da rubutun biro a gefe, don akwai marasa tausayi da ke zagaye sunan mai laifin su rubuta "shi ne" tun a babi na uku.

Ku kuma masu leƙa shafin ƙarshe da gangan, ko ku shiga intanet neman taƙaitaccen labari, me kuke so a yi muku? Littafin Christie The Murder of Roger Ackroyd na 1926 sau ɗaya ake karanta shi ba tare da sanin ƙarshensa ba, kuma jimla guda ta isa ta ƙwace muku wannan damar har abada. Kada ku nemi sunan littafin a waya. Kada ku fara da kallon fim ɗinsa.

Batun jeri ma ana ruɗewa. Littattafan Christie kusan duk inda ka fara daidai ne, ban da Curtain na 1975, wanda shi ne ƙarshen labarin mai bincikenta Poirot, a bar shi sai an gama sauran. Amma na mai bincike Mma Ramotswe da marubuci Alexander McCall Smith ya fara a 1998, wadda ofishinta ke Gaborone a Botswana, daga na farko ake kamawa, don rayuwar mutanen cikinsa tana tafiya ne daga littafi zuwa littafi. Kuma kada ka shiga kana neman gawa. Matsalolin da ake kawo mata irin su miji ne ya ɓace, ko wani ya zo ya ce shi ne mahaifin wata.

Sunayen Turawa in sun yi maka yawa, rubuta su a ƙaramar takarda ka mai da ita alamar shafi. Ba kowace kalma ake buɗe wa ƙamus ba, sai wadda ta dawo sau da yawa. Kada kuma a jera littattafan marubuci ɗaya babu hutu, za ka haddace dabararsa ka riƙa gano mai laifi tun kafin a kai tsakiya.