Darasi na Tara: Kalmar Outlaw

Mai duba jaridun Turanci ba zai daɗe ba zai ci karo da kalmar outlaw. Ana furta ta kamar "autlo". Kalmomi biyu ne aka haɗe: out, wato waje, da law, wato doka.

A Ingila ta dā, idan aka yi ƙarar mutum da babban laifi, kotu ta yi ta aika masa sammaci ya ƙi zuwa, sai a yi shelar cewa ya zama outlaw. Daga ranar doka ta zare hannunta daga kansa. Dukiyarsa ta koma ta sarki. Wanda ya ba shi ɗakin kwana ko kwanon abinci shi ma ya jawo wa kansa, wanda ya kashe shi kuwa ba mai tuhumarsa. Irin waɗannan mutane daji suke shigewa, kamar Robin Hood na tatsuniyar Turawa da ake cewa ya ɓuya a dajin Sherwood. Yanzu an daina wannan hukunci, amma sunan ya zauna ga riƙaƙƙen ɗan fashi da hukuma ke nema ruwa a jallo. A Amurka haka ake kiran Jesse James, mai fashin bankuna da jiragen ƙasa, wanda aka harbe a 1882. Ɓarawon akuya bai kai wannan matsayi ba.

Amfani na biyu shi za ka fi gani a labarai: haramta abu ta hanyar doka.

Britain outlawed the slave trade in 1807.
Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807.

In ka ga outlawed group, haramtacciyar ƙungiya ake nufi. Haka jaridun Najeriya ke rubutawa game da IPOB, ƙungiyar masu neman kafa ƙasar Biafra, tun da kotu a Abuja ta haramta ta a 2017.

Akwai kalmar ban, ita ma hani ce, sai dai ta fi sauƙi. Hedimasta zai iya ban ɗin waya a aji, amma outlaw sai majalisa ko kotu ko gwamnati. Kuma kada a haɗa outlaw da in-law, wannan suruki ne!

Aikin yi
1. Rubuta outlaw sau biyar a littafinka, kana faɗa da ƙarfi.
2. Fassara: The court outlawed the group.
3. Maigida ya hana yara fita da dare. Wace kalma ta dace, ban ko outlaw? Faɗa wa na kusa da kai dalilinka.