Yadda za ka gane halojin da nobul gas ba tare da hadda ba

Ku 'yan ajin kimiyya masu shirin WAEC da NECO da JAMB, musamman masu zuwa lesin a Samaru da Tudun Wada, tambayar nan ta me ya sa halojin ke saurin haɗuwa da wasu sinadarai amma nobul gas ko a jikinsu tana yawan fitowa, kuma abin haushi yara haddace amsar suke yi, da an ɗan juya tambayar sai ido ya raina fata. Biro da takarda kawai kake buƙata.

Da farko jera su. A jadawalin sinadarai, wato periodic table, rukuni na 17 su ne halojin: fulorin, kulorin, buromin, aidin, astatin. Maƙwabtansu na rukuni na 18 su ne nobul gas: hiliyam, niyon, agon, kiripton, zinon, redon.

Na biyu, kuma nan ne duk maganar take, rubuta yadda ilektiron ɗin kowanne suka jeru. Fulorin lambarsa 9, ilektiron tara ke nan, biyu a zagayen farko, bakwai a zagayen waje, wato 2,7. Niyon 10, wato 2,8. Kulorin 17, sai ka samu 2,8,7, agon kuma 18, 2,8,8. Toh kalli lambar ƙarshe kawai. Halojin duk bakwai gare su a zagayen waje, saura ɗaya ya cika takwas, nobul gas kuwa nasu a cike yake. Kamar motar haya ce a Kwangila, wadda saura mutum ɗaya ta tashi ita ce za ka ji yaron mota na ta ihu har da kama jakar mutane, wadda ta cika kuwa an rufe ƙofa, ko ka ɗaga hannu ba mai kallonka. Shi ya sa da kulorin ya ci karo da sodiyam mai 2,8,1 sai ya fizge ɗayan nan, abin da ya fito shi ne NaCl, gishirin miyar da ke gidanku. A kula da hiliyam dai, shi biyu ne kacal gare shi kuma a cike yake a haka, don zagayen farko biyu yake ɗauka, nan ne da yawa ke zamewa.

Na uku, in an ce wanne ya fi wani saurin haɗuwa a cikin halojin, bi daga sama zuwa ƙasa. Fulorin ne gagara, sai kulorin, sai buromin, sai aidin. Dalili kuwa, duk saukar da ka yi atam ɗin na ƙara girma, zagayen waje na ƙara nisa da cibiya, ƙarfin janyo sabon ilektiron sai ya ragu. Fulorin ƙarami ne shi ya sa ba ya wasa, sai 1886 Henri Moissan na Faransa ya iya ware shi, bayan wasu masanan sun jikkata a ƙoƙarin hakan.

Da wannan jerin za ka amsa tambayar korar juna. Na sama yana korar na ƙasa daga gishirinsa, na ƙasa ba ya iya korar na sama. In makarantarku na da lab ka ce malam ya nuna maka: ruwan KI, wato gishirin potasiyam da aidin, garau yake kamar ruwan sha, ana ɗiga masa ruwan kulorin sai ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, aidin ne aka koro. A rubuce, Cl2 + 2KI → 2KCl + I2. Juya shi, ka zuba aidin a KCl, gishirin potasiyam da kulorin, ba abin da zai faru ko ka kwana kana kallo.

Don Allah kar wani ya ce zai gwada a gida. Bilicin wanki in ya haɗu da ruwan wanke bayi mai asid, iskar kulorin yake fitarwa, kuma tana ƙona huhu, a faɗa wa su Mama ma.

Na ƙarshe, kar ka rubuta cewa nobul gas ba sa haɗuwa da komai sam, ka ce da ƙyar suke haɗuwa. A 1962 Neil Bartlett, yana aiki a Kanada, ya haɗa zinon da wani sinadari mai fulorin a ciki, daga baya aka samu irin su XeF2 da XeF4, haɗin zinon da fulorin. Kuma maganar nisan nan ce dai ta mataki na uku, zinon babba ne, ilektiron ɗinsa na waje sun yi nisa da cibiya, riƙon ya yi sako-sako, fulorin kuma ga ƙarfin fizga. Kaga a halojin na sama ne mai zafi, a nobul gas kuwa na ƙasa ne ake iya shawo kansa, hiliyam da niyon sai dai a haƙura.

In an nemi amfaninsu, ka ɗaure amsar da wannan halin. Kulorin a tace ruwan famfo saboda yana kashe ƙwayoyin cuta, agon kuma a walda, ana feso shi ya lulluɓe ƙarfen da ke narkewa don iskar oksijin kar ta taɓa shi.