Yadda ake kai ƙorafi kan lasin gidan giya a unguwa

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ba da lasin sayar da giya, don haka can za ku nufa.

Da farko ku riƙa rubuta abin da ke damunku, da rana da ƙarfe nawa: kiɗa har asuba, faɗan mashaya, motocin da suka toshe layi. Wannan shi ne ginshiƙin, domin "sun dame mu" kawai ba hujja ba ce.

Sannan ku je wa mai unguwa ya kira mai gidan. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa.

In ya ƙi ji, ku rubuta takarda, maƙwabta su sa hannu, ku kai sakatariya kafin a sabunta lasin. Ku riƙe kwafi mai hatimi.