Yadda Ake Auna Tsada da Amfanin Karatun Lissafin Hasken Maganin Daji a Amurka

Mai lissafin hasken magani, wanda ake kira dosimetiris, shi ne ke karɓar adadin hasken da likitan cutar daji ya rubuta wa majinyaci, ya zauna gaban kwamfuta da hotunan CT, ya tsara ta inda hasken zai shiga jiki domin ya ƙone ƙari ba tare da ya cutar da laka, idanu ko ƙwayoyin yawu ba. Idan likita ya rubuta gire 70 (gire shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ke sha) a zama 35 ga mai ciwon maƙogwaro, shi ne zai yi ta gyara kusurwoyi a manhaja irin Eclipse ko RayStation har tsarin ya gamsar da likita da masanin kimiyyar lissafin haske.

Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar hukumar JRCERT, mai tantance makarantun wannan fanni, ta amince da makarantar. Tun daga 2017, hukumar MDCB, mai ba da shaidar ƙwarewa a wannan sana'a, ba ta barin wanda ya yi karatu a Amurka ya zauna jarrabawar samun shaidar CMD (shaidar ƙwararren dosimetiris) sai mai digiri na farko da ya kammala kwas na aƙalla wata 12 a makarantar da aka amince da ita, kuma yawancin asibitoci wannan shaidar suke nema. Makarantun ba su da yawa. Daga cikinsu akwai cibiyar MD Anderson da ke Houston da Jami'ar Wisconsin reshen La Crosse. Da yawa sun fi son ɗalibin da ya riga ya yi aikin haska majinyata, ko da yake wasu na karɓar masu digirin kimiyya.

Wajen ƙididdige tsada ne mutane suka fi yin kuskure, domin kuɗin makaranta kawai suke dubawa. Jami'o'in gwamnati sukan caji ɗan wata jiha fiye da ɗan jiharsu, don haka ka tambayi wane farashi ya shafe ka. Amma nauyin da ya fi girma shi ne horo a asibiti, wanda ke cin kusan dukan ranakun aiki, kuma galibi ba a biyan ɗalibi komai. Wanda ya ajiye aikinsa ya rasa albashin shekara ɗaya ko biyu, kuma wannan asarar takan zarce kuɗin karatun kansa. Ka haɗa da haya idan asibitin horon yana wani gari, da inshorar lafiya, da kuɗin jarrabawa. Ɗalibin ƙasar waje kuma ya binciki batun biza tun da wuri, saboda bizar ɗalibai ta F-1 ta taƙaita darussan intanet, alhali wasu kwasa-kwasan ta intanet ake koyar da su.

Daga nan sai ka nemi alƙaluman da JRCERT ta wajabta wa kowace makaranta ta wallafa: yawan waɗanda suka kammala, waɗanda suka ci jarrabawa, da waɗanda suka samu aiki. A ganina, waɗannan sun fi sunan jami'a muhimmanci.

Albashin yana da kyau. Matsakaicinsa a 2023 ya haura dala 130,000 a shekara, kuma wasu na aiki daga gida. Sai dai sana'ar ƙarama ce, ma'aikatanta 'yan dubbai ne kawai, saboda haka sabon shiga ya shirya ƙaura zuwa inda gurbi ya buɗe. Bayan samun shaidar, akwai kwasa-kwasan ƙarin ilimi da dole a cika duk shekara biyar kafin a sabunta ta, kuma su ma a sa kuɗinsu cikin lissafi.