Kurakuran da masu noman fulos mai yaɗo don sayarwa suka fi yi, da yadda ake gyara su

Fulos mai yaɗo, wanda masana ke kira Phlox subulata, ɗan gajeren tsiro ne da tsayinsa bai cika wuce santimita 10 zuwa 15 ba, ganyensa sirara masu tsini, kuma ba ya mutuwa duk shekara, yana nan yana ƙara faɗi. Asalinsa gabashi da tsakiyar Amurka ne da wani yanki na Kanada, can yake fitowa da kansa a kan gangare da tsakanin duwatsu da ƙasa mai yashi. In lokacin furensa ya zo, wajen Afrilu zuwa Mayu a ƙasashen arewa masu sanyi, sai ya rufe ƙasa ruf kamar an shimfiɗa darduma, ko ganye ɗaya ba za ka gani ba, ruwan hoda ne, fari ne, ja ne, shuɗi-shuɗi ne. A Japan har biki ake masa a kusa da Dutsen Fuji mutane na tururuwa kallo. Toh amma furen nan sati 3 ne zuwa 4, shikenan, kuma a cikin satuttukan nan ne kwastoma ke ɗaukar tukunya ya biya kuɗi. Duk wahalar shekara a nan take fita ko ta tafi a banza, kuma abin da ke damuna shi ne yawancin asarar da ake yi ba daga sakaci take zuwa ba, daga yawan tattali ne, a ba shi ruwa fiye da kima, a cika masa taki, a ɓoye shi daga sanyin da shi yake nema.

Bari in fara da maganar lokaci don ita ce ta fi cin mutane. Mutum zai sayo ƙananan dashe a watan Fabrairu ko Maris ya zuba a tukwane ya sa su a rumfar leda mai ɗumi, a ransa wai nan da sati shida zai fita da su kasuwa. Tsiron zai yi kore shar, zai ma yi girma, amma fure sai ɗaiɗai ko babu gaba ɗaya, sabida fulos sai ya sha sanyi kafin ya ɗaure tohon fure sosai. Aƙalla sati 6 zuwa 8 a sanyin da ke wajen digiri 5 na ma'aunin Salsiyas ko ƙasa da haka, in ya samu fiye ma ya fi. Kuma ba sanyin kaɗai ba, sai ya cika tukunyarsa tun kafin sanyin ya shigo, don rassan da ya yi kafin hunturu su ne za su yi fure, ƙaramin tsiro ko ya sha sanyin duniya ɗan fure kaɗan zai ba ka. Gyaran shi ne ka juya kalandarka baya, ka dasa a ƙarshen lokacin zafi zuwa farkon kaka, ka ba shi satuttuka ya kafa saiwa ya rufe bakin tukunya, ka rage masa kai sau ɗaya ko biyu don ya yi rassa, sannan ka bar shi ya yi hunturu a wuri mai sanyi. In dole sai ka dasa a makare, toh ka tambayi mai sayar maka da dashen ƙarara ko an riga an ba su sanyi, kuma ka sa biyu ko uku a tukunya ɗaya ko ka koma ƙaramar tukunya. Wanda kuma yake yankin da ba a sanyi kwata-kwata, gaskiya tun kafin ya zuba jarinsa ya san cewa wannan tsiro ba zai ba shi furen da yake gani a hoto ba sai dai in yana da ɗakin sanyi.

Akwai kuma masu yin komai daidai har zuwa ƙarshen hunturu, sai gaggawa ta kama su su kunna ɗumi don su riga kowa fita kasuwa. Rassa su miƙe su yi laushi, launin furen ya koɗe, kuma ya buɗe ya zube cikin 'yan kwanaki tun kaya na kan mota. A bar shi ya farka a hankali cikin sanyi-sanyi da haske mai yawa, a fitar da shi lokacin da toho ya cika kuma kaɗan sun fara buɗewa, kwastoma ya ga launi, sauran furen kuma ya buɗe a lambunsa.

Sai ruwa. Nan ne nake ganin an fi yi wa tsiron nan rashin adalci. Ka tuna daga ina ya fito, gangare da tsakuwa inda ruwa ke wucewa nan take, amma sai a sa shi a ƙasar tukunya mai nauyi mai riƙe ruwa, a jera shi layi ɗaya da tsirrai masu shan ruwa, kullum da yamma a feshe su duka ta sama. Kai daga nesa za ka ga kore ne lafiya lau. Ka je ka sa yatsu ka ɗaga shimfiɗar ganyen ka leƙa ƙarƙashi, za ka tarar ganyen ciki ya yi ruwan ƙasa ya manne da juna yana danshi, wani lokaci da wata fumfuna mai toka-toka a jiki, in ka juye tukunyar saiwar da ya kamata ta zama fara tas ta koma baƙi-baƙi, ka ja ta da farce fatar ta saɓule. Ruɓar saiwa da ta gindi kenan, kuma in ta kai haka magani bai cika ceto ba, fitar da tukunyar za ka yi daga cikin sauran ka zubar. Ƙasar tukunya ta zama mai sakin ruwa, da ɓawon itace da aka daddatsa ko yashi mai kaushi a ciki, tsaminta wajen 6 a pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa. Ruwa da safe don ganye ya bushe kafin dare, kuma kar ka bi agogo, ɗaga tukunyar ka ji nauyinta a hannu, in da nauyi ka wuce. A lokacin sanyi ma ruwan da yake buƙata ɗan kaɗan ne ƙwarai. Kuma don Allah kar a binne gindin, yadda dashen yake a tire haka zai zauna daidai da saman ƙasa, zurfafa shi ko da kaɗan ne yana jawo ruɓa.

Taki kuwa kaɗan ya ishe shi, in ka cika mai sinadarin naitirojin ganye za ka samu mai laushi da cuta ke so, fure ya ragu. Ka rage ko ka tsayar in sanyi ya gabato.

Wani kuskuren da ke ɓata suna a wurin kwastoma shi ne haɗa iri biyu a suna ɗaya. Akwai ɗan'uwansa Phlox stolonifera, shi ma a kasuwa fulos mai yaɗo ake kiransa, amma shi na dajin tsaunukan Apalaciya da ke gabashin Amurka ne, ganyensa masu faɗi, yana son inuwa-inuwa da ƙasa mai ɗan laima, shi ne ma wanda ƙungiyar masu noman irin waɗannan tsirrai ta Amurka ta zaɓa gwarzon shekara a 1990. Shi kuma subulata rana yake so, aƙalla awa 6 a yini. Kaga in mutum ya zo yana neman abin da zai rufe ƙarƙashin bishiya ka miƙa masa subulata, baɗi zai ga ya yi tsalli-tsalli ba fure, kuma kai zai zarga, da gaskiyarsa. Haka ma launuka, in ba fure a jiki nau'o'in subulata masu suna irin su Emerald Blue da Emerald Pink da Candy Stripe da Scarlet Flame kusan duk kamarsu ɗaya, ba mai iya rantsuwa wanne ne wanne. Kowace tukunya da lebul ɗinta tun ranar dashe, ba lebul ɗaya a kan tire ba da iska za ta ɗauke ko yaro ya musanya, kuma sunan kimiyyar ya fito a jiki. Wanda ya sayi tukunya talatin don ya yi layi fari sol sai biyar suka fito ja, ba zai dawo ba.

Wajen ninka iri ma ana tafka kuskure. Wasu na tara ƙwayar iri daga nau'o'in nan masu suna su shuka, abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwar ba, launi ya bambanta, girma ya bambanta, kuma ba halal ba ne ka sa masa sunan uwar ka sayar. Hanyar ita ce yankan reshe ko raba gindi. Ka yanki kan reshe sabo mai laushi wanda ya fito bayan fure ya wuce, kamar santimita 5 zuwa 7, ka cire ganyen ƙasa, ka ɗan taɓa hodar fidda saiwa, ka soka a tire, cikin sati 3 zuwa 4 galibi ya kama. Tsohon reshe da ya zama itace jinkiri yake yi ko ya ƙi. Da zaran saiwa ta fara fitowa ka rage feshi, masu barin tire cikin raɓa kullum su ne ke asarar rabi. Uwar da kake yanka daga jikinta kuma ka dube ta da kyau, fulos na kamuwa da wata ƙaramar tsutsa da ido ba ya gani mai shiga cikin kara ta sa ganye ya murɗe reshe ya kumbura ya tsuke, in ka yanka daga irin wannan ka raba cutar kenan ga duk tirenka da hannunka. Ka tumɓuke ta ka ƙona, ka wanke almakashi tsakanin iri da iri. Sannan sababbin iri da yawa suna da rajistar haƙƙin mallaka, a Amurka shekara 20 take ɗauka, ninka su don sayarwa ba lasisi laifi ne, ka duba lebul ɗin da suka zo da shi, tsofaffin iri da kowa ke da ikon ninkawa suna da yawa kuma suna da kyau.

Cunkusa tukwane don tsimin wuri shi ma yana da tsada, rassa su tsallaka su sarƙe da na makwabta, ranar lodi sai ka yayyage su, iska kuma ba ta ratsawa. In ka rufe su da bargon shuka ko leda lokacin hunturu ka riƙa buɗewa ranar da aka samu ɗumi, ka kuma sa tarko don ɓeraye na son shiga ƙarƙashi su ci gindi, sai an yaye rufi a ga ɓarna. Da zafi da bushewa kuma ƙananan gizo-gizon ganye ke zuwa, ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya dushe, ka kaɗa reshe a kan farar takarda in ka ga ƙura na motsi su ne.

Abin da nake ganin an fi rainawa shi ne minti biyun da za ka yi da mai saye. Mutum ya ga tukunya cike da fure ya ɗauka haka za ta zauna har ƙarshen shekara, in ba ka gaya masa ba bayan wata ɗaya zai ce an cuce shi. Ka gaya masa furen na 'yan satuttuka ne sauran shekara kore ne, ya dasa da tazarar santimita 30 zuwa 45 a wuri mai rana da ruwa ba ya kwanciya, ya cire ciyawa tas kafin dashe musamman mai yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa don in ta shiga cikin shimfiɗar fitar da ita aiki ne babba, ya ba shi ruwa a shekarar farko har ya kafu. Kuma da fure ya wuce ya sa almakashi ya aske kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, mutane na jin tsoron wannan amma shi ke hana tsakiya ta bushe ta zama itace ta bar rami. In bayan wasu shekaru tsakiyar ta mutu duk da haka, a haƙe a raba a sake dasa gefunan masu rai. Ka buga wannan a ɗan kati ka sa a kowane kwali.

Tukwanen da suka yi kwantai bayan fure kuma kar ka zubar ko ka karyar da su a wulaƙance. Ka aske su, ka ɗan ba su taki kaɗan, masu lafiyar ciki ka ɗebi yankan reshe daga sabon tohonsu, sauran ka mayar da su tukunya mafi girma su yi hunturu, baɗi su ne manyan da masu aikin gyaran lambu ke nema don suna rufe wuri da sauri.