Darasi na 9: Jinga da Ranar Biya

Wannan darasin na masu karɓar jinga ne a hannun ɗan kwangila, birkila ne kai ko kafinta ko mai walda ko mai saka tayil. Yawancin rigimar da ake yi a wajen gini daga kalma ɗaya take tashi, wato "sai an biya ni in biya ka". Dan Allah kar ka yarda da ita, kai da ɗan kwangila kuka yi magana ba da mai gini ba, kuma leburanka kullum yamma suna tsaye da shebur a hannu suna jiran sallama, ba ruwansu da wanda bai biya wani ba.

A rubuta a takarda ko da ta littafin makaranta ce, ai aya ta 282 a Suratul Baƙara ma ta ce a rubuta bashi. A raba kuɗin bisa matakin aiki. Misali jingar naira 600,000 ce, to kafin alƙalami 150,000, in gini ya kai linta 200,000, in an gama filasta 220,000, sauran 30,000 shi ne kashi 5 cikin 100 da ake riƙewa saboda gyara, amma lalle a sa ranar sakin shi, sau da yawa wata 6 ne bayan miƙa aiki.

Sai wa'adi, nan ne nake so ku natsu sosai. Kar a rubuta "sati 4" kawai, a rubuta sati 4 daga ranar da siminti da yashi da bulo suka sauka a fili, don na sha ganin magini zaune kan bokiti kwana 5 babu siminti sannan a zo a ce shi ya ja aiki har a zaftare mai kuɗi. Haka ruwan Agusta, haka in an zuba dekin, kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, duk a cire su daga lissafi. In an ƙaro aiki a tsaida farashinsa kafin ka ɗau cokali.

Ku sa hannu ko ku dangwala yatsa gaban shaidu 2, kowa ya riƙe kwafi, alat ɗin banki kuma kar ka goge.

Aikin gida: rubuto takardar jingar ɗaki 1, da matakan biya 3 da ranar fara ƙirga.