Matakan kai iyali ziyara birnin Granada na Sifaniya

1. Da zarar biza ta fito, ku sayi tikitin shiga fadar Alhambra ta intanet, domin yakan ƙare tun da sauran makonni.

2. Ku riƙe fasfon kowa, saboda ana duba sunan da ke kan tikiti. Sashen fadojin Banu Nasr, sarakunan Musulmi na ƙarshe a Granada, waɗanda mulkinsu ya ƙare a 1492, yana da ƙayyadadden lokacin shiga, kuma ba a barin wanda ya makara.

3. Ku fita da safe, domin zafin Yuli da Agusta yana galabaitar da yara.

4. Da la'asar ku hau unguwar Albaicin a ƙaramar bas, ku yi salla a masallacin da aka buɗe a 2003, wanda daga lambunsa ake hango fadar.